Daga Riva zuwa Söğüt: yadda za ka shirya ziyarar ganuwowi da ƙauyukan finafinan Turkiyya

Shirin Diriliş: Ertuğrul ya fara fita a tashar TRT 1 a watan Disamban 2014, ya ƙare a Mayun 2019 bayan zango biyar. A Nuwamban wannan shekarar Kuruluş: Osman, labarin ɗansa Osman wanda ya kafa daular Usmaniyya, ya ɗora a tashar ATV. Mu a nan ta hannun masu fassara suka iso mana, aka riƙa tura su daga waya zuwa waya, har yaran unguwa suka san sunan Turgut da Bamsi kamar maƙwabtansu ne. Shi ya sa mutum zai je Santambul sarin kaya, ko ganin likita, ko kai yaro makaranta, sai ka ji yana tambaya ina ne aka yi fim ɗin nan, yana son ya je ya gani da idonsa.

Wurin ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai san haka ba kafin ya tashi zai kashe kuɗinsa ya dawo da rabin labari.

Mataki na farko: rarrabe abin da kake son gani

Wuraren iri uku ne. Akwai dandalin ɗaukar fim, inda aka kafa tantuna da ganuwa da kasuwa musamman don kyamara. Na Ertugrul da Osman yana Riva, a gundumar Beykoz, ɓangaren Asiya na Santambul, kusa da Baƙin Teku. Akwai kuma inda tarihin ya faru da gaske: Söğüt da Bilecik da Bursa, inda kaburburan mutanen suke. Ba a ɗauki shirin a can ba, amma can ne tushen labarin. Na uku su ne ƙauyuka da tsofaffin gidaje masu rai, waɗanda mutane ke zaune a cikinsu, masu shirya fim suka zo suka yi aiki suka tafi, kamar Cumalıkızık da Midyat.

A ganina tafiyar da ta cika ita ce wadda ta haɗa ukun, kuma a wannan jeri: dandali tukuna, sannan ƙasar tarihi, sannan ƙauye. In ka fara da Riva, idonka zai ƙoshi da abin da ka saba gani a allo, sai ka isa Söğüt da natsuwar karɓar wurin yadda yake. In ka juya jerin, tantunan Riva za su yi maka kama da wasan yara bayan ka tsaya a gaban kabarin mutumin. Ka ware kwana bakwai ko takwas. Wanda zai ƙara da Midyat ya ƙara biyu.

Ka rubuta sunayen wuraren a wayarka yadda Turkawa ke rubuta su, da ɗige-ɗigensu. Direban bas ba zai gane lafazinka ba, amma zai gane rubutun.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Maris sanyin ƙasar ba irin na hunturunmu ba ne, sanyi ne mai ruwa da iska, kuma Riva fili ne a bakin teku, taɓo yake yi. A Yuli da Agusta kuma otel yana tsada, layi yana tsawo, Midyat na kai maki 40 na zafi.

Akwai ranar da za ka sani. A ƙarshen mako na biyu na Satumba ake bikin tunawa da Ertugrul Gazi a Söğüt, inda makiyayan Yörük ke zuwa daga sassan ƙasar da tufafin gargajiya, a kafa tantuna, a dafa shinkafa da nama a raba wa jama'a. Mai son ganin taro ya daidaita tafiyarsa da wannan mako, amma ya kama masauki a Bilecik ko Eskişehir tun da wuri, don Söğüt ƙaramin gari ne. Mai son ya zauna a hubbare cikin natsuwa kuwa ya kauce wa wannan mako.

Mataki na uku: takardu, jirgi da kuɗi

Mai fasfon Najeriya sai da biza. Ƙa'idojinta na sauyawa, don haka ka karanta abin da ofishin jakadancin Turkiyya na ƙasarka ya wallafa a watan da za ka nema, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara. Abin da aka saba tambaya shi ne fasfo mai sauran rai na aƙalla wata shida, tikitin zuwa da dawowa, shaidar kama otel, inshorar lafiya ta tafiya, bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. Ka fara nema wata biyu kafin ranar tashi. Duk wanda ya ce maka zai fito maka da biza ba tare da waɗannan takardu ba, ka riƙe kuɗinka.

Turkish Airlines na tashi kai tsaye zuwa Santambul daga Abuja da Legas, tafiyar awa shida zuwa bakwai, haka ma yana zuwa Yamai da Accra da Njamena. Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Daga babban filin jirgin akwai metro mai lamba M11 da motocin Havaist zuwa cikin gari, duka sun fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ban kawo farashin komai a nan ba da gangan, domin darajar lira na sauka, kuɗin shiga wurare na sauyawa cikin 'yan watanni, kuma a wurare da yawa baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa. Ka tafi da dala ko yuro a hannu, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran ka canza a shagunan canji na cikin gari masu alamar döviz. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje, kada sai kana gaban mai sayar da tikiti ka gano. Da isarka ka sayi Istanbulkart, kati ɗaya ne da ke biyan bas da metro da jirgin ruwa. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, don haka mutumin Najeriya ko Ghana ya sa adafta a jaka. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Mataki na huɗu: Santambul da Riva

Shawarata ka sauka a Üsküdar, ɓangaren Asiya. Unguwa ce ta masallatai da gidajen abinci na iyali, jirgin ruwa na kai ka Eminönü cikin ɗan lokaci, kuma daga nan hanyar Beykoz take miƙewa.

Dandalin da ake kira Bozdağ Film Platoları na kamfanin furodusa Mehmet Bozdağ ne, wanda ya shirya duka finafinan biyu. A 'yan shekarun nan aka buɗe wani sashe nasa ga masu ziyara da tikiti. Yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar birni. Ka duba shafinsu kwana ɗaya kafin ka je, ka tabbatar suna buɗe, ka ga ƙarfe nawa ake wasan dawaki, domin shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin tikitin: mahaya na sukuwa, suna harbi da baka daga kan sirdi, suna karawa da takobi a gabanka.

Hanyar zuwa biyu ce. Ta masu sauƙin aljihu ita ce bas mai lamba 15 daga Üsküdar zuwa Beykoz, wadda ke bin bakin mashigin Bosforos, daga nan ka hau motar Riva ko ka ɗauki tasi. Ta biyu ita ce ka shiga rukunin kamfanin yawon buɗe ido da zai ɗauke ka daga otel ya dawo da kai. Ga mai iyali ko dattijo, ta biyun ta fi, saboda matsalar Riva ba zuwa ba ce, dawowa ce. Da yamma motar haya ba ta da yawa a wurin. In da tasi ka je, ka yi magana da direban ya dawo ya ɗauke ka, ka karɓi lambarsa, kuma ka tabbata ya kunna mita.

A ciki za ka ga tantunan ƙabilar Kayi da babban tantin shugaba, da tutar nan mai alamar kibiyoyi biyu da baka, da kasuwa, da maƙera, da ƙofofin ganuwa da fadoji. Ana ba da hayar tufafin mayaƙa da na matan fada don ɗaukar hoto, akwai wurin cin abinci. Komai ya fi ƙanƙanta fiye da yadda yake a allo, kuma in ka ƙwanƙwasa wani bangon za ka ji katako ne aka yi wa fenti kamar dutse. Wannan ba abin ɓata rai ba ne. Ka tsaya a tsakiyar filin ka tuna yadda kyamara ta mai da shi gari guda mai ɗaruruwan mutane, za ka ga girman aikin masu gini da masu haske da masu ɗinki waɗanda ba a san sunansu ba. Duk mai sha'awar harkar fim ya kamata ya yi awa guda yana duban wannan kaɗai.

Kada ka sa rai da ganin jarumai. Kowace fitowa ta shirin Turkiyya tana haura awa biyu kuma mako-mako ake sakinta, saboda haka ma'aikatan a matse suke, inda ake ɗauka kuma a killace yake. In Allah ya sa kun yi kiciɓis da wani, ka gaishe shi, ka nemi izini kafin hoto.

Washegari ka ba ganuwowin gaske haƙƙinsu, don ka san abin da masu dandalin suka kwaikwaya. Anadolu Hisarı tana kan hanyar bas ɗin nan ta Beykoz, Sarki Bayezid na Ɗaya ya gina ta a shekarun 1390. Tsallaken ruwa, daidai inda mashigin ya fi tsukewa, Rumeli Hisarı ce, wadda Muhammadu Alfatih ya gina a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kai, don ya datse duk wani agaji da zai zo wa birnin daga Baƙin Teku kafin ya ci shi a 1453. Kaurin bangon hasumiyoyinta kaɗai ya isa ya nuna maka abin da yaƙin ganuwa yake nufi. An daɗe ana gyare-gyare a cikinta, ka bincika ko a buɗe take. In ma a rufe ne, daga jirgin ruwan Şehir Hatları da ke tashi daga Eminönü zuwa Anadolu Kavağı za ka gan ta gaba ɗayanta, kuma a ƙarshen tafiyar sai ka hau tudu zuwa kufan ganuwar Yoros ta Rumawa.

Masu bin shirin Payitaht: Abdülhamid su je fadar Yıldız, inda sarkin ya zauna a mulkinsa na 1876 zuwa 1909, an sake buɗe ta ga jama'a a 2024. Su ƙara da fadar Beylerbeyi, inda ya rasu a 1918. Fadar Topkapı kuma ba ta buɗewa ranar Talata.

Mataki na biyar: jirgin ƙasa zuwa Bilecik da Söğüt

Wannan ne zuciyar tafiyar, kada ka yi mata gaggawa.

Jirgin ƙasa mai sauri, YHT, da ke tafiya tsakanin Santambul da Ankara yana bi ta Bilecik da Bozüyük da Eskişehir. Ba kowanne ne ke tsayawa a Bilecik ba, ka duba wajen sayen tikiti a shafin TCDD, hukumar jiragen ƙasa, kuma ka saya kwanaki kafin ranar, kujeru na ƙarewa. Ɗaya daga tashoshin da ake hawa a Santambul sunanta Söğütlüçeşme. Unguwa ce a Kadıköy, ba ita ce garin da kake nema ba.

Ka sauka a Bilecik da safe. Tashar na wajen gari, ƙaramar bas za ta shigar da kai. Fara da hubbaren Shehu Edebali, malamin da Osman ya auri 'yarsa, wanda a gidansa ne ruwayar Turkawa ta ce Osman ya yi mafarkin bishiyar da ta tsiro daga jikinsa ta rufe duniya da inuwa. Ginin ƙarami ne a kan dutse, yana kallon kwari, kabarin Bala Hatun, 'yar tasa, na gefensa, masallacin Orhan Gazi kuma na ƙasa kaɗan. A cikin kwarin za ka hangi hasumiyoyin masallatai a tsaye su kaɗai ba gini. Ragowar tsohon garin ne da aka ƙone lokacin yaƙin Turkawa da Girkawa a farkon shekarun 1920.

Daga Bilecik zuwa Söğüt kimanin kilomita 30 ne, ƙananan motocin da suke kira dolmuş na zirga-zirga. Ka tambayi ƙarfe nawa ta ƙarshe ke komowa tun kafin ka sauka.

Ertugrul ya rasu wajajen 1281. Hubbarensa ɗan ƙaramin gini ne mai ƙubba ɗaya a cikin lambu, an sha gyara shi, babban gyaran kuma na zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu ne. Ka lura da abubuwa uku. Na ɗaya, murafun ƙarfe na tagogi, waɗanda har yau akwai hudar harsashi a jikinsu daga lokacin mamayar Girkawa, an bar su haka da gangan. Na biyu, 'yan akwatunan ƙasa da aka jera kewaye da kabarin, ƙasar da aka ɗebo daga yankunan da daular ta taɓa mulka da ƙasashen Turkawa. Na uku, masu gadi sanye da kayan mayaƙan da, waɗanda ke canjin aiki lokaci-lokaci a gaban jama'a. A lambun akwai kabarin da aka jingina wa matarsa Halime Hatun da na wasu 'yan gidan, da alamar inda aka fara binne Osman kafin a mai da shi Bursa.

A nan akwai maganar da ya kamata mai ziyara ya shigo da ita. Abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai. Akwai tsabar kuɗi da aka buga da sunan Osman ɗan Ertugrul, wadda ta tabbatar da mutumin da nasabarsa. Littattafan da suka ba da labarinsa kuwa an rubuta su ne fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Mafi yawan makirce-makirce da yaƙe-yaƙen da muka kalla aikin marubutan fim ne. Ibnul Arabi, malamin da shirin ya nuna yana yi wa Ertugrul nasiha, ya rasu a Dimashƙa a 1240, kuma babu wata shaida cewa sun taɓa haɗuwa da Ertugrul. Wannan bai rage wa wurin komai ba. Shugaban wata ƙaramar ƙabilar makiyaya ne ya sauka a wannan tsaunin, ɗansa da jikokinsa suka kafa daular da ta kai 1922, wadda har Mai Idris Alauma na Borno ya aika wa sarkinta Murad na Uku jakadu a shekarun 1570. In kana tare da yara, nan ne wurin da za ka zaunar da su ka raba musu fim da tarihi.

Ladabin wurin sananne ne gare mu, kamar mai shiga Hubbaren Shehu a Sakkwato: a cire takalmi, mata su rufe kai, a yi sallama, a yi wa mamaci addu'a, a rage murya. A hubbarori da yawa na ƙasar za ka ga allon hukumar addini yana gargaɗi kada a ɗaura ƙyalle, kada a kunna kyandir, kada a roƙi mamaci. Kada ka juya wa masu addu'a kyamara.

A cikin garin akwai ɗan gidan tarihi na Ertugrul Gazi mai kayan makiyaya da darduma da makamai, da ƙaramin masallacin Kuyulu Mescit da ake jingina wa zamaninsa, da masallacin Hamidiye. Duk da ƙafa ake zaga su. Wanda ya ɗauki hayar mota zai iya ƙarawa da hubbaren Dursun Fakih a kan wani tsauni kusa da Küre, malamin da aka ce shi ya fara huɗuba da sunan Osman, da kufan ganuwar Karacahisar a gefen Eskişehir, da kabarin Hayme Ana, mahaifiyar Ertugrul a ruwayar Turkawa, a ƙauyen Çarşamba na Domaniç, inda ƙabilar ke kai dabbobinta kiwo da bazara. Karacahisar tushen bango ne da tarin duwatsu a kan tudu, masu tonon tarihi na aiki a ciki. Ka je don ka ga yadda tudun ya mallaki kwarin da ke ƙasansa, shi ne dalilin da ya sa aka yi yaƙi a kansa.

Mataki na shida: Bursa da ƙauyen Cumalıkızık

Daga Söğüt ka gangara Bozüyük ka hau babbar bas zuwa Bursa. Hanyar na bi ta İnegöl, garin da sunansa ya cika shirin Osman, yau kuma da kujeru da gadaje da ƙwallon naman gashi aka san shi. Kabarin Turgut Alp na wani ƙauye mai sunansa a tsaunukan yankin.

Orhan ɗan Osman ya ci Bursa a 1326, ta zama babban birnin daular na farko. Hubbarorin uban da ɗan suna Tophane, a kan tudun tsohuwar ganuwa. Girgizar ƙasa ta 1855 ta rushe na asali, Sarki Abdul'aziz ya sake gina waɗanda ake gani yau a 1863. Daga nan ka gangara da ƙafa zuwa Ulu Cami mai ƙubba 20, wanda wurin alwalarsa ke tsakiyar masallacin, sannan Koza Han, masaukin fataken siliki tun 1491, inda har yanzu ake sayar da gyale a sha shayi a tsakar gida.

Cumalıkızık na gindin dutsen Uludağ, kimanin kilomita 10 gabas da tsakiyar gari. Ka hau metro zuwa tashar da ke ɗauke da sunan ƙauyen, daga nan ƙaramar bas ta hau da kai. Ƙauyen ya kai shekara 700, asalinsa waƙafi ne na zamanin Orhan, kuma a 2014 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Bursa. Shirin Kınalı Kar da aka ɗauka a cikinsa a farkon shekarun 2000 shi ya jawo masa idon Turkawa, tun daga nan masu kyamara ba su daina zuwa ba.

Gidajensa kusan 270 ne, ba duka ake zaune a ciki ba. Ƙasan ginin dutse ne, galibi ba taga mai kallon titi, saman kuma katako da laka, an shafe shi da shuɗi ko rawaya ko shunayya, ya ɗan turo kai bisa hanya. Dubi tagogin sama masu raga, waɗanda matan gida ke ganin waje ta cikinsu ba a gan su ba. Titunan duwatsu ne da aka shimfiɗa, da kwatar ruwa a tsakiya, ruwan dutse na gangarowa ta ciki. Akwai wani lungu da ake kira Cin Aralığı wanda mutum ɗaya ne ke wucewa a lokaci guda. Ka sa takalmi mai riƙo, silifas ba zai yi ba, keken jariri ma wahala zai ba ku.

Ka je ranar aiki, da sassafe. Asabar da Lahadi mutanen Bursa da Santambul ke cika shi don karin kumallon ƙauye, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Kada ka tsaya a dandalin shiga inda rumfuna suka yi yawa, ka haura sama, inda za ka iske tsofaffi zaune a ƙofar gida da itacen girki a jingine.

Abin da nake so mai ziyara ya riƙe a nan shi ne, wannan gidan mutane ne. A Riva ka biya kuɗi, kana da damar leƙa kowane tanti. A Cumalıkızık ƙofar da ke buɗe ba gayyata ba ce, sai in an sa alamar wurin cin abinci. Kada ka ɗauki hoton mace ko yaro ba izini. Matan ƙauyen ne ke riƙe da yawancin kasuwancinsa, suna gasa gözleme, wata gurasa marar kauri mai haɗi a ciki, a kan tanda, suna sayar da zuma da burodin gida da taliyar hannu da kayan zaƙin 'ya'yan itace a kwalba. Ka ci a wurinsu, ka sayi abin da suka yi da hannunsu, kada ka matsa musu da ciniki a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Da wannan kuɗin ake gyara rufin gidajen da ka zo kallo.

Daga Bursa ka koma Santambul ta ruwa. Jiragen BUDO daga Mudanya da na İDO daga Güzelyalı na yin tafiyar cikin kimanin awa biyu, sai dai iska mai ƙarfi kan sa a soke tashi. Kada ka bar wannan tsallake zuwa ranar da jirginka na gida zai tashi.

Mataki na bakwai: Midyat, ga mai sauran kwana

Masu kallon finafinan soyayya da rikicin dangi, irin Sıla da Hercai, gidan da suke nema shi ne Midyat Konukevi, gidan dutse mai hawa-hawa da baranda da sassaƙa a jikin kowace taga. Jirgin sama daga Santambul zuwa Mardin kimanin awa biyu ne, daga Mardin zuwa Midyat kuma tafiyar awa guda a mota. Ka hau har rufin gidan, daga nan ake ganin hasumiyoyin masallatai da na coci-coci a jere, domin gari ne na Kurdawa da Larabawa da Kiristoci Suryani. Mai jin Larabci zai samu abokan hira a kasuwa. Maƙeran garin sun shahara da telkari, aikin zaren azurfa. Ganuwar da ke saman Mardin a rufe take ga jama'a, amma daga makarantar Zinciriye da ke ƙarƙashinta, ginin 1385, za ka ga filin Mesofotamiya ya miƙe har iyakar Siriya. Yankin na kusa da iyaka, ka duba halin da ake ciki kafin ka sayi tikiti, ka kuma riƙe fasfonka a jiki saboda shingayen bincike.

Mataki na takwas: salla, abinci da tsaraba

Salla ba za ta ba ka wahala ba. Filayen jirgi da tashoshin mota da manyan shaguna duk suna da ɗakin salla mai alamar mescit, da sashen mata. Abinci ma haka, sai dai wasu gidajen abinci na sayar da giya, mai son kauce musu ya nemi ƙananan lokanta inda ake nuna abin da ake so da yatsa. Girkinsu ba yaji sosai, ɗan ƙullin yajin gida zai yi maka amfani.

Hular Kayi da zobe mai alamar ƙabilar da tuta ana samunsu a Riva da Söğüt da kasuwannin Santambul, kuma farashin bakin hubbare yakan fi sauƙi. Takobi da wuƙa da gatari ba sa shiga jakar hannu, kuma ko a babbar jaka suna iya jawo maka tambayoyi wajen kwastan a gida, don haka ka auna ko sun cancanci wahalar.

Abu ɗaya kuma kada ka kusance shi. Dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta 1983 ta haramta fitar da kayan tarihi daga ƙasar, kuma ana aiki da ita sosai. Ɗan dutse mai sassaƙa da ka tsinta a kufan ganuwa, guntun tukunya, ko tsohuwar tsabar kuɗi da wani ya sayar maka a gefen hanya, duk suna iya sa a tsare ka a filin jirgi a kai ka kotu, kuma an sha kama baƙi a kan haka. Ka duba aljihunan yara kafin ku haɗa kaya. Darduma ko kwanon tagulla da ya yi kama da tsoho kuwa, ka karɓi rasit daga shagon, ka ajiye shi tare da fasfonka har ku wuce bincike.